Ƙanena Ya Fito Daga Ruwa Da Ƙafafunsa

Mu mutanen Cadawa ba mu da kogi. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na famfo, sai tabkunan damina da ke ƙafewa tun ba a gama kai amfanin gona rumbu ba. Mai son ganin ruwa mai faɗi sai ya hau mota ya wuce Maraɗi ya tafi Madarunfa. Don haka idan na ce zan yi magana a kan ciwon da ke kama masu nutso a ƙarƙashin ruwa, na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ni ma abin da zan ce ke nan a da, kafin daren da ƙanena ya kira ni daga ƙasar Mali, ni kuma na ba shi shawarar da har gobe nake cizon yatsa a kanta.

Shi ne autanmu, kuma da Auta kowa ke kiransa. Bai yi nisa a lakwal ba. Da damina yana noma gero da aya a gonar da mahaifinmu ya bari, da rani kuma ya bi sa'o'insa ci-rani, kamar yadda samarin yankinmu suka saba. A 2021, da zinariya ta ɓulla a yankin Ɗan Isa, yana cikin dubban da suka yi tururuwa can. Ranar 7 ga Nuwamba ta shekarar ramuka suka rufta a Garin Liman. Rahoton farko ya ce mutum 18 suka rasu, daga baya adadin ya ƙaru. Auta yana wani rami dabam, Allah ya tsare shi. Da ya dawo gida Inna ta zaunar da shi, ta sa ya yi mata alkawarin ba zai ƙara shiga rami ba. Ya yi, kuma bai saɓa ba. Bayan kakar 2022 sai ya bi wani abokinsa zuwa yankin Keniyeba a yammacin Mali, inda ake neman zinariya a gindin kogin Faleme, wanda ya raba Mali da Senegal. A ganinsa ruwa ba rami ba ne.

Ga yadda ya kwatanta mini aikin a waya. Wani dandamali ne ake ɗorawa a kan ruwa, da babban inji da ƙaton bututu mai zuƙo yashi da tsakuwa daga gindin kogi zuwa sama, inda ake wankewa a tace. Dole mutum ɗaya ya sauka ya riƙe bakin bututun yana saita shi. Akwai ƙaramin inji na biyu, irin wanda masu faci ke ba taya iska da shi, shi ke tura wa mai nutson iska ta wani siririn tiyo da yake riƙewa a baki. Ana ɗaura masa ƙarafa a ƙugu don kada ruwa ya taso da shi. Can ƙasa duhu ne da laka, da lalube ake aiki. Kason mai nutso ya fi na waɗanda ke sama, shi ya sa yaron da ya tashi a garin da babu kogi ya koyi iyo cikin ƴan makonni, ya nemi a ba shi tiyo. Bututun kullum yana ƙara haƙa rami a gindin kogin, har zurfin inda Auta ke aiki ya kai gaba 9 zuwa 10, wato kamar mita 16 zuwa 18. Yana yin awa 2 da safe, ya fito ya ci abinci, ya koma ya ƙara wasu 2.

Da ya ce mini gaba 10, dariya na yi. Rijiyar unguwarmu ta fi gaba 25, kuma na sha ganin masu yasa sun sauka har gindinta sun wuni suna aiki, sun fito suna raha. Da wannan ma'aunin na auna aikin ƙanena, hankalina ya kwanta.

Wani dare a farkon watan Maris na 2023, saura ƴan makonni a kama azumi, ina gyaran takardun ɗalibaina sai waya ta yi ƙara.

"Yaya, kana jina? Kafaɗata ta dama ce ta hana ni sakat."

"Faɗuwa ka yi, ko wani abu ya buge ka?"

"Ko ɗaya. Can ciki take yi, kamar ana murɗa ƙusa a cikin ƙashi. In na motsa hannun, in na bar shi, duk ɗaya ne."

"Akwai zazzaɓi?"

"Babu. Sai ƙaiƙayi a ciki da ƙirji, da wata irin gajiya. Ko abinci ban iya ci ba."

A cikin hirar ya ambata, kamar wani abin ban dariya, cewa da la'asar injin iska ya mutu yana ƙasa. Ya kwance ƙarafan ƙugunsa, ya taso sama a guje. Ya ce, "Lafiya lau na fito, Yaya, da ƙafata na hau dandamali, har tsokanata suka yi." Wajen magariba kafaɗar ta fara. Na ji wannan labarin da kunnena, na ce alhamdu lillahi, amma ban haɗa shi da ciwon ba.

Na ce masa, "Sanyi ne. Mutum ya wuni a cikin ruwa ai dole sanyi ya shiga gaɓoɓinsa. Ka sha maganin ciwon jiki guda biyu, a dafa ruwa a gasa maka, a shafa man zafi a murza wurin sosai. Da safe za ka ji daidai." Ni ne ɗan bokon gidanmu, maganata ba a musunta ta. Ya yi duk abin da na ce.

Da safe kafaɗar ta lafa, amma ya tashi yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafafunsa. Abokan aikinsa suka gaya masa abin da suke gaya wa juna kullum: ruwa ne ya kama ka, ruwa ne zai sake ka. Ya ɗauki tiyo ya sauka, kuma gaskiya yana isa ƙasa ya nemi ciwon ya rasa. Ya yi aikinsa na kusan awa 2, ya fito, ya zauna shan shayi. Bai ƙare kofi na biyu ba ya ji kamar an ɗaure masa ƙugu da igiya ana ja. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Kafin dare fitsari ya tsaya, mara ta kumbura.

A kan babur aka ɗauke shi, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana tallafe da shi, har wani ɗan asibiti. Nan kuma aka yi kuskure na biyu. Dokar ma'adinai ta Mali ta 2019 ta hana haƙar zinariya a cikin koguna, saboda haka waɗanda suka kai shi suka ji tsoron faɗin gaskiya. Suka ce lebura ne, cikin barci ciwon ya kama shi. Aka sa masa robar fitsari, aka yi masa ƙarin ruwa da maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai a dare na uku wani ma'aikacin jinya da ya taɓa ganin irin wannan ya ja abokin gefe ya tambaye shi ko yaron ɗan nutso ne. Da ya ji amsar bai yi faɗa ba. Ya jawo tukunyar oksijin ya sa masa, aka kwana a haka. A rana ta biyar babban yatsan ƙafarsa ta dama ya motsa.

Bayan ƙaramar salla aka kawo mana shi Cadawa, yana dogara sanduna biyu, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Inna ta dube shi ta ce, "Yaron ga ƴan ruwa suka taɓa shi." Aka yi turare, aka sha rubutu. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wani ya ce sammu ne, wata ta ce shan inna, wani tsoho ya ce sanyi ne ya yi masa yawa. Ban yi gardama da kowa ba, domin sanyin da ni na faɗa a waya bai fi nasu kusa da gaskiya ba.

A Maraɗi ne, wajen wani dattijon likita da ya taɓa aiki a wani birnin bakin teku, na fara gane abin da ya faru. Tambayarsa ta farko ita ce, "Awa nawa ne tsakanin fitowarsa daga ruwa da fara ciwon?" Da muka ba shi labari tun daga mutuwar inji, sai ya aiki yaro ya sayo kwalbar lemo mai gas guda biyu. Ya girgiza ta farko, ya riƙa murɗa murfin kaɗan kaɗan, iska tana fita tsss, lemon yana nan yadda yake. Ya girgiza ta biyu ya buɗe gaba ɗaya, kumfa ta yi ambaliya a kan tebur. Ya ce, "Malam, abin da ya faru a jinin ƙanenka ke nan."

Bayaninsa, da abin da na bi na karanta daga baya, ga shi a taƙaice. Ruwa yana da nauyi. Wanda ya sauka mita 10, matsin da ke kansa ya ninka na doron ƙasa sau 2. A mita 20 sau 3 ne, a mita 30 sau 4. Iskar da ake tura masa ta tiyo, ko wadda yake sha daga tukunyar da masu nutson zamani ke goyawa a baya, da wannan matsin take shiga huhunsa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda muka karanta a lakwal da sunan azot, kuma jiki ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi sai ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka da kitse. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawan da ke taruwa. In mutum ya taso a hankali, tana fita ta numfashi ba tare da ya sani ba. In ya taso a guje, ko ya daɗe ya wuce ƙa'ida, sai ta zama ƙananan kumfa a cikin jiki. Inda kumfar ta maƙale, nan ciwo ke bayyana: a gaɓa, a fata, a kunne, a huhu, a ƙwaƙwalwa ko a lakar gadon baya. Ta Auta a lakar ta tsaya.

Nan na gane wautar ma'aunina. Mai yasar rijiya ko ya sauka gaba 30, a cikin iska yake, matsin da ke kansa kusan daidai yake da na bakin rijiyar. Haɗarinsa shi ne gurɓatacciyar iska da ruftawar ƙasa. Yaron da ke nutso a tabki kuwa numfashi ɗaya yake riƙewa, ya yi daƙiƙu ya fito. Wanda ya shaƙi iska a ƙarƙashin ruwa, shi ne yake ɗauko wannan bashin. Teburan da ƙwararru ke bi sun nuna cewa a zurfin mita 18, wanda zai taso kai tsaye bai kamata ya wuce kimanin awa 1 ba. A mita 30 kuwa minti 20 zuwa 25 ne kawai. Auta yana yin ninkin ƙa'idar, sau biyu a rana, wata da watanni.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, ciwon tsoho ne a duniya, an san shi fiye da shekara 150. Lokacin gina gadar Brooklyn a birnin Niyok na Amurka, ma'aikata suna haƙa gindin kogi a cikin manyan akwatuna da aka cika da matsattsiyar iska. Likitan aikin ya rubuta mutum 110 da ciwon ya kama a 1872, mutum 3 suka mutu. Babban injiniyan kansa, Washington Roebling, ya kamu ya kwanta, sai matarsa Emily ce ta riƙa kai da kawowa tsakaninsa da ma'aikata har aka buɗe gadar a 1883. Saboda yadda masu ciwon ke tafiya a duƙe, aka yi masa laƙabi da kalmar Ingilishi da ke nufin tanƙwarewa. A 1878 wani Bafaranshe, Paul Bert, ya nuna cewa kumfar naitirojin ce sanadi. A 1908 kuma John Scott Haldane da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da teburan tasowa mataki mataki, bayan sun yi gwaji da awaki a cikin ɗakin ƙarfe. Akuyar da ciwon ya kama takan ɗage ƙafa ɗaya ta ƙi takawa. Da na karanta wannan sai na tuna ƙanena yana riƙe da kafaɗa, yana kiran yayansa da ke da takardar shaidar malanta.

A kusa da mu ma akwai misali. Ranar 26 ga Mayu 2013 jirgin ruwan Jascon 4 ya kife a gaɓar tekun Najeriya, ya nutse mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su yi gaggawar fito da shi sararin sama ba, domin sun san fitowar ce za ta kashe shi. A cikin rufaffen akwatin ƙarfe aka taso da shi, aka mayar da shi ɗakin matsi, ya ƙara kusan awa 60 ana rage masa matsin a hankali. Ya fito lafiya, daga baya ma ya koyi aikin nutso. Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai. A wannan aikin, yadda aka fid da kan shi ne magana.

To, yaya ake gane ciwon? Abin da ya ruɗe ni, kuma yake ruɗa kowa, shi ne mutum yakan fito daga ruwa garau, ciwon ya biyo baya, kuma ya zo da kamannin cututtukan da muka saba da su. Alƙaluman sojan ruwan Amurka sun nuna cewa kashi 42 cikin 100 na masu kamuwa suna fara jin alama a cikin awa 1 da fitowa, kashi 60 a cikin awa 3, kashi 83 a cikin awa 8, kashi 98 kuma a cikin awa 24. Ke nan agogo shi ne shaida ta farko. Duk wani baƙon abu da mai nutso ya ji a jikinsa a cikin kwana ɗaya da fitowarsa, a ɗauka wannan ciwon ne har sai likita ya tabbatar da wani abu dabam.

Alamar da ta fi yawa ita ce ciwon gaɓa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, wani lokaci gwiwa ko ƙugu. Ciwo ne mai zurfi, ba tare da an bugu ba, kuma sau da yawa motsi ba ya ƙara shi, hutu ba ya rage shi. Da wannan ya bambanta da targaɗe, kuma ainihin abin da Auta ya gaya mini ke nan. Akwai ƙaiƙayi da wasu tabo masu kama da zanen taswira a ciki ko ƙirji ko kafaɗa. A fatarmu baƙa tabon yana da wuyar gani, sai an duba da rana, an kuma taɓa a ji ko wurin ya kumbura ko yana zafi. Akwai gajiyar da ta wuce aikin da aka yi, irin wadda ke hana mutum cin abinci.

Waɗanda suka fi waɗannan haɗari su ne na jijiya. Jin kiyashi ko tsira-tsirar allura a hannu ko ƙafa, wani sashen fata ya mutu a taɓa ba a ji, rashin ƙarfi, ciwon baya ko ciki da ke zagaye ƙugu kamar ɗamara, kasa yin fitsari. Wanda ya ji ɗaurin ɗamarar nan, lakarsa ce ke neman taimako, shanyewar ƙafafu tana iya biyo baya cikin mintoci. Idan kumfar ta shiga kunne, sai jiri mai tsanani da amai, da ƙara a kunne ko toshewar ji, mutum ya riƙa tangaɗi. Idan ƙwaƙwalwa ce, sai ruɗewa, maganar da ba ta fita daidai, gani biyu-biyu ko hazo, ko mutum ya sake hali. Idan huhu ne, sai ciwon ƙirji da busasshen tari da sarƙewar numfashi, wannan kuwa yana kisa. Wanda ya faɗi ya suma a cikin minti 10 da fitowa, musamman bayan tasowa a guje, galibi iska ce ta fasa huhu ta shiga jijiyar jini. Sunansa dabam a wajen likitoci, amma agajinsu ɗaya ne.

Likitan ya koya mini gwajin da kowa zai iya yi a bakin ruwa, ko ya sa a yi ta waya. A sa mutumin ya tsaya ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, wani na kusa don tare shi, a ga ko zai yi tangaɗi. A sa ya taka a miƙe, dunduniya na taɓa yatsu. A ba shi hannu biyu ya matse, a ji ko ɗaya ya fi rauni. A shafa ƙafar dama da ta hagu a tambaye shi ko jin ɗaya ne. A tambaye shi sunan garinsu da ranar da ake ciki, da kuma yaushe rabonsa da fitsari. Da na sa an yi wa Auta wannan da safiyar nan, da kiyashin tafin ƙafarsa ya tona asirin ciwon kafin ya sake ɗaukar tiyo.

Abin yi kuwa kusan kishiyar duk abin da na faɗa masa ne. A kwantar da mutum a miƙe, in yana amai ko ba ya cikin hayyacinsa a juya shi ta gefe. In yana farke kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwa yana kurɓa. Kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a murza, domin zafi da murza suna iya ƙara tayar da kumfar. Maganin ciwon jiki yana rufe alama ne, mutum ya zaci ya warke. Kada ya koma ruwa ko da abokai sun rantse masa. Gaskiya ne ciwon yana ɓacewa a ƙasa, tunda matsi yana ƙanƙanta kumfar, amma a lokacin jiki yana ƙara ɗibar wata naitirojin, sai a fito da abin da ya fi na jiya. A garzaya da shi asibiti mafi kusa da ke da oksijin, a sa masa mafi ƙarfin da za a iya samu, a bar masa ko da ya ce ya ji sauƙi. Oksijin ita ce ke taimaka wa jiki ya fitar da naitirojin, kuma sa'o'in farko sun fi kowane lokaci amfani. Sannan a gaya wa ma'aikatan lafiya gaskiya tun daga bakin ƙofa: nutso ya yi, zurfi kaza, awa kaza, ya fito ƙarfe kaza. Tsoron jami'an tsaro ya ci wa ƙanena kwana biyu cur ba tare da oksijin ba.

Cikakken maganin shi ne ɗakin matsi, wani ɗakin ƙarfe da ake sa mutum a mayar da shi matsin da ya yi daidai da zurfin mita 18, yana shaƙar oksijin, sannan a riƙa ragewa a hankali. Zama ɗaya na tsarin da aka fi amfani da shi yana ɗaukar awa 4 da minti 45. Irin wannan ɗaki an fi samunsa a biranen bakin teku, wajen sojan ruwa da kamfanonin mai, nesa da inda yaranmu ke aiki. Duk da haka a tambayi likita hanyar zuwa, domin ko bayan kwanaki yana iya taimakawa. Kada dai a sa mai ciwon a jirgin sama ba da shawarar likita ba, saboda raguwar matsi a sama tana ƙara girman kumfar.

Na san ba rubutuna ne zai hana samari tafiya ba. Wanda ya noma aya ya sayar, kuɗin suka ƙare kafin watan uku na rani, ba ya jin wa'azin zama gida. Matsalar ma ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Honduras, ƴan ƙabilar Miskito masu nutso don kamun abincin teku sun daɗe suna mutuwa ko shanyewa ta wannan hanya, har a 2021 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar Amurka ta ɗora wa gwamnatin ƙasar alhaki a shari'ar mutum 42 daga cikinsu. Wanda ya riga ya shiga aikin, ko ba komai ya san cewa ƙwararru ba sa tasowa fiye da mita 9 a minti ɗaya, suna tsayawa minti 3 in ya rage mita 5 su fito, kuma in tilas ta sa mutum tasowa a guje, ya riƙa fitar da numfashi har ya iso sama. Ya kuma kula kada hayaƙin inji ya riƙa shiga inda ake zuƙar iskar da ake tura masa.

Amma waɗanda na fi yi wa wannan rubutu su ne mu da ke gida. Yaron da ciwo ya kama a bakin kogin wata ƙasa, kafin ya ga likita uwarsa yake kira, ko yayansa, ko matarsa. Abin da aka gaya masa a wannan kiran shi zai bi. A Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji akwai gidaje da yawa da ke jiran irin wannan wayar daga wuraren zinariya, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa tambayar ainihin aikin da yaran ke yi a can ba. Kuɗin da suka turo kawai muke gani.

Yau Auta ya ajiye sanda ɗaya, yana tafiya da ɗaya. Fitsarin ya dawo, ko da yake har yanzu ba ya iya riƙe shi da daɗewa. Noma ya gagare shi, sai muka haɗa masa ƴar rumfar cajin waya kusa da inda hanyar Mayahi ta rabu da babban titi. Bai taɓa ce mini komai a kan shawarar daren nan ba. Sau ɗaya na ɗauko maganar, ya ce, "Haba Yaya, ai abin da ka sani ka faɗa." Inna har yau a kan ƴan ruwa take, ni kuma na bar ta, tunda ita ce ke tashi da asuba ta rakiya shi yana gwada tafiya a tsakar gida kamar yadda likita ya ce.

A ranin da ya wuce ina zaune a rumfar tasa, wata maƙwabciyarmu ta zo da sauri da waya a hannu. Ɗanta ne ya kira daga wani kogi a ƙasar Gini, gwiwar hannunsa na ciwo, jikinsa na ƙaiƙayi. Ta ce mini, "Malam, ka yi mishi magana, ni na ce ya sa a gasa mishi." Kafin in miƙa hannu Auta ya karɓi wayar. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Kai, saurara. Ƙarfe nawa ka fito daga ruwa?"

Allah ya tsare mana su a inda suke neman halaliyarsu, ya dawo mana da su da ƙafafunsu.